Makro a Excel: Dabarar da ke kai ka gurbin da kake nema, da yadda take iya goge bashin mutane

Wata safiyar Talata ɗan yayata ya kira ni a waya, muryarsa na rawa.

"Kawu, na goge bashin mutum, kuma ya ƙi dawowa."

Yaron yana riƙe wa wani babban ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi lissafi ne a Kano. Duk katan ɗin da ya fita daga sito, duk wanda ya biya, duk wanda ya ce sai ya sayar ya kawo, a shafin Excel guda ake rubutawa. Cikin shekara biyu shafin ya haura layi dubu shida.

Kullum da safe aikinsa na farko shi ne gangarawa. Ya buɗe fayil, ya yi ta murza linzamin kwamfuta yana neman inda rubutun jiya ya tsaya. Wani lokaci ya wuce wurin, ya dawo, ya sake wucewa, ga masu ɗaukar kaya sun yi layi a bakin shago.

Sai ya ji labarin makro. Ya naɗi guda wanda zai kai shi sabon layi, ya kuma liƙa masa tsarin rubutu na ranar. Ranar Litinin abin ya yi aiki kamar sihiri. Ranar Talata ya danna, makro ya koma layin jiya, ya liƙa sabon tsari a kan bashin wani abokin ciniki da ya kwashi kaya ya tafi wata jiha. Kuɗin da ke wannan layi ya fi albashin yaron na shekara.

Ya danna Ctrl da Z, maɓallan da kowa ya sani na janye kuskure. Shiru.

Mene ne makro?

Shafin Excel filin gurabe ne, kamar gidajen dara, sai dai kowane gurbi na da adireshinsa. Layukan tsaye suna da haruffa, na kwance suna da lambobi. B5 na nufin layin tsaye na B, layin kwance na biyar.

Tun daga Excel na 2007, shafi ɗaya na ɗauke da layin kwance 1,048,576 da na tsaye 16,384, wanda na ƙarshensu sunansa XFD. Idan aka lissafa, gurabe sun haura biliyan 17. Allon kwamfuta kuwa layi talatin ko arba'in yake nunawa, na waya bai kai haka ba. Shi ya sa tambayar "ina gurbin yake?" ta zama aikin kanta.

Makro jerin umarni ne da ake adanawa, a kira shi da danna maɓalli ɗaya. Ana iya rubuta shi da hannu, ana kuma iya naɗarsa kamar yadda ake naɗar murya: ka kunna na'urar naɗi, ka yi abin da kake son yi, ka kashe. Duk lokacin da ka kira shi zai maimaita abin da ka yi, ba ragi ba ƙari.

Wannan "ba ragi ba ƙari" ɗin shi ne amfaninsa, shi ne kuma abin da ya kayar da ɗan yayata.

Matsalar ta girmi Excel

Manhajar lissafi ta farko da ta yi suna a ƙananan kwamfutoci ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979 don kwamfutar Apple II. Layin kwance 254 kawai gare ta, amma duk da haka sai da suka tanadi umarnin tsallakawa: ka danna alamar >, ka rubuta adireshi, ta kai ka.

A 1983 Lotus 1-2-3 ta zo ta kwace kasuwar. Ita ce ta ɗora aikin tsallakawa a kan maɓallin F5, ita ce kuma ta yaɗa makro a ofisoshi. A Lotus, a cikin guraben shafin ake rubuta makro, jerin maɓallan da mutum zai danna ne aka jera su kamar jimla.

Microsoft ta fitar da Excel a 1985 don Macintosh, sannan a 1987 don Windows. A 1993, tare da Excel 5.0, ta kawo harshen VBA wanda har yau da shi ake rubuta makro. Maɓallin F5 kuwa ta bar shi a inda Lotus ta ajiye shi. Wanda ya danna F5 a Excel yau, al'adar da ta haura shekara arba'in yake bi.

Kafin a kai ga makro

Gaskiyar magana, mutane da yawa da ke neman makro ba sa buƙatarsa.

A saman shafi ta hannun hagu akwai ɗan akwati da ke nuna adireshin gurbin da kake ciki. Ka rubuta D4500 a ciki ka danna Enter, ka isa. F5, ko Ctrl da G, na buɗe taga mai yin wannan aiki, tana kuma tuna wurare huɗu na ƙarshe da ka tsallaka daga cikinsu.

Ctrl da Home na mayar da kai farkon shafi. Ctrl da kibiyar ƙasa na gangarawa da kai zuwa ƙarshen rubutun da ke jere. Da ɗan yayata ya san wannan tun farko, da ba mu ga wannan rana ba.

Akwai kuma raɗa wa gurbi suna. Ka zaɓi gurbin da jimillar bashi take, ka rubuta JimillarBashi a wancan ɗan akwati, ka danna Enter. Daga ranar, sunan zai riƙa bayyana a jerin da ke cikin akwatin, ka taɓa shi ya kai ka, ko da kana wani shafin daban. Za mu dawo kan wannan, domin shi ne ginshiƙin makro mai aminci.

Makro na shigowa ne idan aikin na kullum ne, sau da yawa a rana, ko kuma idan wanda zai yi amfani da fayil ɗin bai saba da kwamfuta ba, ana so a ba shi maɓalli guda ya danna.

Layi ɗaya, hanya biyu

Idan ka naɗi makro ka taɓa gurbin B5, ga abin da Excel ke rubutawa a bayan fage:

Range("B5").Select

Ma'anarsa: zaɓi B5. Za ka iya ganinsa idan ka danna Alt da F11, inda ake buɗe ɗakin rubuta VBA.

Wannan umarni na da iyaka. A shafin da ke buɗe a gabanka kawai yake aiki. Idan ka umarce shi ya zaɓi gurbi a wani shafi alhali kana wani, zai tsaya ya jefo maka kuskure mai lamba 1004, lambar da duk mai koyon VBA ya sha gani har ya haddace.

Wanda ya fi shi shi ne wannan:

Application.Goto Sheets("Bashi").Range("D200"), True

Wannan zai tashi daga duk inda kake, ya buɗe shafin da ake kira Bashi, ya sauka a D200. Kalmar True da ke ƙarshe tana sa shi ya jawo gurbin zuwa kusurwar sama ta hagu ta allo, ba sai ka yi ta lalube da ido ba.

A nan akwai wata 'yar matsala da ta shafi masu rubutu da Hausa. Guraben Excel suna karɓar ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau, amma ɗakin rubuta VBA tsohon gini ne, bai san su ba, yakan mayar da su alamar tambaya. Idan ka raɗa wa shafi suna Kuɗi da ɗ mai lanƙwasa, makro zai sha wahalar kiransa. Shafin da makro zai nema, a ba shi suna marar ƙugiya. Sunan makro ɗin kansa ma haka, kuma ba ya karɓar tazara tsakanin kalmomi.

Inda yaron ya faɗi

Na'urar naɗin makro na da yanayi biyu, kuma mutane kaɗan ne ke lura da hakan kafin su ƙone.

A yanayin farko, wanda shi ne a kunne idan ba ka canza ba, adireshi take riƙewa. Ka taɓa A6214, ta rubuta A6214. Gobe ma A6214, baɗi ma A6214. Ba ruwanta da cewa kai a zuciyarka "layin da ba kowa" kake nufi.

A yanayi na biyu, wanda ake kunnawa da maɓallin Use Relative References, tafiya take riƙewa. Ba ta cewa "je A6214", sai dai "sauka layi ɗaya daga inda kake".

Bambancin kamar na mai kwatance ne. Wani ya ce maka gida mai lamba 14 a layin kaza. Wani kuma ya ce daga inda kake tsaye ka wuce gida biyu. Kwatancen farko ba ya canzawa ko daga ina ka taso. Na biyu kuwa ya dogara da inda ka tsaya. Kowanne da ranarsa, kuma makro mai neman sabon layi yana buƙatar duka biyun.

Ga yadda ake yi ba tare da rubuta ko kalma ɗaya ta VBA ba. Ka kunna naɗi. Ka danna F5, ka rubuta A1048576, wato can ƙasan shafi. Ka danna Ctrl da kibiyar sama, za ta hauro da kai zuwa gurbi na ƙarshe mai rubutu. Yanzu ka kunna yanayi na biyu, ka danna kibiyar ƙasa sau ɗaya, ka kashe naɗi. Ko shafin ya kai layi dubu hamsin, wannan makro zai sauke ka a layin farko da ba komai.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa sai an je ƙasa an hauro, ba a gangaro daga sama ba? Domin Ctrl da kibiyar ƙasa na tsayawa ne a giɓi na farko da ta tarar. A ce wata rana an manta ba a rubuta kwanan wata a layi na 900 ba. Makro mai gangarowa daga sama zai tsaya a nan, ya ɗauka ƙarshen littafi ke nan, ya ajiye ka a tsakiyar lissafin bara. Mai haurowa daga ƙasa ba ya faɗawa wannan rami.

Sai batun da ya fi ɗaga wa yaron hankali. Idan makro ya canza wani abu a shafi, Excel na share tarihin janyewa gaba ɗaya. Ctrl da Z ba ya dawo da abin da makro ya goge. Mafita ɗaya ita ce a rufe fayil ba tare da an adana ba, a sake buɗewa. Shi kuwa cikin ruɗewa ya riga ya danna adanawa, yana zaton hakan zai gyara.

Adireshin da ke gudu

Akwai tarko na biyu, wanda ba ya nuna kansa da wuri.

A ce jimillar bashi tana D200, ka rubuta makro mai kai ka D200. Bayan wata biyu wani ya cusa sababbin layuka uku a sama. Jimilla ta koma D203. Duk lissafin da ke cikin gurabe zai gyara kansa, domin Excel na bin sawun irin wannan motsi. Makro kuwa ba ya gyaruwa. Rubutu ne a ajiye, D200 ya sani. Zai kai ka gurbin da yanzu bashin wani mutum ɗaya ne a ciki, kai kuma ka karanta wa maigida a matsayin jimilla.

Nan ne sunan gurbi ke ceto. Idan makro ya ce Range("JimillarBashi") maimakon D200, to duk inda gurbin ya koma sunansa na biye da shi. A ganina, duk makro da zai daɗe ana amfani da shi, da suna ya kamata ya riƙa kira, ba da lamba ba.

Kada a ɗauka irin wannan kuskure na yaran shago ne kawai. A 2010 wasu fitattun masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da bincike da ke nuna cewa ƙasar da bashinta ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, ci gabanta na durƙushewa. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun yi ta kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu ya duba, ya tarar cewa wajen zaɓen guraben da za a fitar da matsakaici an tsaya kafin a kai ƙarshe. Ƙasashe biyar cikin ashirin sun faɗi a waje: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Ba shi kaɗai ne abin da aka soki binciken a kai ba, amma shi ne wanda duniya ta riƙe.

A watan Oktoban 2020 kuma hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta amsa cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona ba su shiga ƙididdiga a kan lokaci ba. An yi amfani da tsohon nau'in fayil na XLS ne, wanda layinsa ke ƙarewa a 65,536. Da shafi ya cika, sauran sakamakon ya zube ba tare da an lura ba, aka kuma yi jinkirin neman waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar.

Wannan iyaka ta shafi makro ɗinmu na sama. Idan fayil ɗinka tsohon nau'i ne, babu gurbin da ake kira A1048576 a cikinsa, sai ka yi amfani da A65536.

A waya fa?

Yawancin masu karanta wannan a waya suke karantawa, don haka gara a faɗa ƙarara: manhajar Excel ta waya ba ta gudanar da makro na VBA. Za ta buɗe fayil ɗin, ka ga lissafinka, ka gyara, amma maɓallin da aka ɗora wa makro ba zai motsa ba. Excel na cikin burauza ma haka.

Google Sheets ta samu nata na'urar naɗin makro a 2018, ita ma tana tambaya ko adireshi za ta riƙe ko tafiya. Amma a kwamfuta ake naɗa, a kwamfuta ake kira. Manhajarta ta waya ba ta da wurin.

Wanda waya ce ofishinsa, dabararsa ita ce tsara littafin yadda ba zai buƙaci doguwar tafiya ba. A ware wa kowane wata shafinsa maimakon a tara shekara biyu a wuri guda. A ɗora jimilla a layin farko, ba a ƙasa ba, a kuma kafe wannan layi don kada ya ɓace idan ana gangarawa. Neman suna kuma akwai alamar bincike a saman manhajar.

A kwamfuta ma akwai hanyar tsallakawa da ba ta buƙatar makro. A rubuta wannan a wani gurbi a saman shafi, amma ba a layin A ba:

=HYPERLINK("#A"&COUNTA(A:A)+1,"Sabon layi")

Zai fito da rubutu mai cewa Sabon layi, ka taɓa ya kai ka. Yana ƙirga guraben da ke da rubutu a layin A ne ya ƙara ɗaya, saboda haka idan akwai giɓi a tsakiya lissafinsa zai gaza. Amma ba ya goge komai, kuma ba ya buƙatar a ba shi izini. 'Yan'uwa a Nijar masu Excel na Faransanci za su rubuta LIEN_HYPERTEXTE da NBVAL a madadin waɗancan kalmomi biyu, su kuma sa waƙafi mai ɗigo a inda muka sa waƙafi. Umarnin VBA kuwa iri ɗaya ne a ko'ina.

Makro ɗin da ba kai ka rubuta ba

Fayil mai makro ana adana shi ne da nau'in xlsm. Idan ka adana a xlsx, Excel zai yi maka gargaɗi, in ka yi gaba makro ɗin ya tafi. Ba don wasa aka raba nau'o'in biyu ba.

Harshen da ke iya kai ka D200, yana iya buɗe wasu fayiloli, ya sauko da manhaja daga intanet, ya aika saƙo da sunanka. Tun 1996 aka ga ƙwayar cutar kwamfuta ta farko mai shiga ta makro na Excel, wadda ake kira Laroux. A watan Maris na 1999 wata mai suna Melissa ta bi ta makro na Word, tana aika kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshin imel na duk wanda ya buɗe ta, har manyan kamfanoni suka rufe imel ɗinsu. A Disambar 2015, harin da ya katse wa dubban gidaje lantarki a yammacin Yukren ya faro ne daga takardun Office masu makro da aka aika wa ma'aikatan kamfanonin wuta.

Shi ya sa daga 2022 Microsoft ta fara toshe makro kai tsaye a fayilolin da aka sauko da su daga intanet. Idan wani ya turo maka "jerin sunayen waɗanda suka samu tallafi" ko "fom ɗin ɗaukar aiki", ka buɗe ya ce sai ka kunna makro kafin ka ga abin da ke ciki, ka rufe shi. Jerin sunaye ba ya buƙatar makro kafin a karanta shi.

Ko makro na abokin aiki ne da ka yarda da shi, ka gwada shi a kan kwafin fayil tukuna. Idan kuma za ka ɗora masa gajeriyar hanya, ka haɗa da Shift. Wanda ya ba makro ɗinsa Ctrl da C ya kwace wa kansa maɓallin kwafi, kuma ranar da ya manta ya danna, makro ne zai tashi.

Yadda aka ƙare a shago

Abin da ya ceci ɗan yayata ba ya cikin kwamfuta. Maigidansa, dattijo ne da bai taɓa sakin jiki da allo ba, ya hana a daina rubuta rasit mai kwafi. Aka jawo littafin ranar Litinin daga durowa, aka samu sunan mutumin da adadin katan da abin da ya rage a kansa. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya dai kalle shi ya ce, "Ka ga amfanin tsohon hannu ko?"

Da yamma na je muka zauna. Muka goge tsohon makro, muka naɗi sabo mai haurowa daga ƙasa. Na sa shi ya cire sashen liƙa tsari gaba ɗaya. Yanzu makro ɗin tafiya kawai yake yi, ya kai shi layi ya tsaya, rubutu kuma da hannunsa zai yi bayan ya ga cewa wurin ba kowa. Muka kuma kwafi fayil ɗin zuwa filasha, da sharaɗin kowace Alhamis a sake.

Bayan mako biyu ya sake kira, wannan karon yana dariya. Wai maigida ya gan shi yana danna maɓalli yana tsallake layi dubu shida, ya ce shi ma a yi masa nasa wanda zai nuna masa jimillar abin da yake bin mutane. Yaron ya raɗa wa gurbin suna, ya zana koren akwati a saman shafi, ya rubuta BASHI da manyan haruffa.

"Kawu, yanzu kullum bayan La'asar sai ya zo ya danna da kansa. Jiya ma sau uku ya danna."